Ƙaramin Dawon Ɗan Lalla

Asabar, bayan azahar

Bismillahi. Kayen rubutun ga na maigidana marigayi Malam ne, ya bar rabinsa fari. Ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke raina, to bari in faɗa wa takarda, ita ba ta zuwa rijiya balle ta kai labari.

Yau ma ɗan Lalla bai ci tuwo ba. Ba ni na gani ba, Yunusu abokin zamansa ne ya faɗa da na je ɗaukar kwanoni. Ya ce, “Malama, Allah ya ƙara wa ɗan Lalla ƙoshi, mu muna samun ƙari.” Sunka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ɗan Lalla nawa ne. Ɗan farina ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba, ga shi alƙalami ma ya ƙi. Ranar da anka yaye shi Yaya Lalla, yayar Malam, ta goye shi zuwa ɗakinta. Tsakar gida ɗaya muke har yau. Ita yake ce wa Inna, ni kuwa Malama kamar kowa. Haka munka tarar ana yi. Ya girma ya tafi biɗa Abijan, ya yi dako, ya dawo ba kaya sai ƙwaya a jikinsa. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Tun bayan ƙaramar salla yana gidan Musa.

Gidan Musa, mutanen Tawa na ce masa gidan ’yan ƙwaya. Musa tsohon direban kamiyo ne, ya sha ta har ya kifar da mota, ya bari, ya tara irinsa cikin kangon kakansa. Su takwas ne. Ba malam, ba lokotoron asibiti, ba mari. Su ke buga tubali su sayo hatsi, ni ke tuƙa musu na rana. Da anka fara faɗa mini na ce an ba kura ajiyar nama. Har yanzu ban janye maganar duka ba.

Lahadi, hantsi

Zafi tun da safe. Gero ya ƙara hawa, tun da anka karya kuɗin sefa ba abin da ya sauka sai darajar mutane.

Na lura da abu. Ni ba na duban fuskar ɗan Lalla, ƙafafunsa na sani. Jiya yana zaune bakin randa, ƙafar dama tana rawa kamar ta mai taka keken ɗinki. Haka take yi da can, kafin ya shiga gidan.

Wataƙila zafi ne.

Talata, bayan la’asar

Na tsaya ƙofar gidan Musa ina jiran a buɗe, sai ga su sun dawo daga wurin tubali. Duk wanda zai shiga sai an laluba shi: aljihu, hula, naɗin wando, takalmi. Har Musa sai da ya ɗaga hannuwa Yunusu ya shafa shi yana cewa, “Shugaba, tumbin ga fa ba na tuwo kaɗai ba ne.” Musa ya ce, “Laluba dai, ɗan banza, bakinka ne ya kamata a caje.”

Dokarsu ke nan. Wanda anka kama da ƙwaya ya fita. Ranar Juma’a bayan la’asar suna zama ƙarƙashin icen bedi, kowa da ƙwallon dabino da tsakuwa, su jefa cikin ƙwarya a rufe. Dabino ya zauna, tsakuwa ya tafi. Yunusu na ce wa zaman nan asambile, wato majalisa, wai su ma dimokuraɗiyya ta iso musu, har sun fi na Yamai tunda su ba a jifa da kujera.

Abu ɗaya ne ba a buɗewa, abincin iyaye. Da na miƙa kwano na ce su duba, Musa ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi. Ya ce, “Subhanallahi, Malama, mu sa hannu a kwanon uwa? Ai lalacewarmu ba ta kai can ba.”

To wa ke laluba Musa idan ya fita shi kaɗai sayen hatsi? Yunusu. Wa ke laluba Yunusu? Musa. Na dawo ina juya wannan.

Allah ya yafe mini zato.

Laraba, bayan asuba

Na yi wa ɗan Lalla rubutun sha, na ba Yaya Lalla ta haɗa da furar da take kai masa da safe. Ni ba zan iya miƙa masa da hannuna ba.

Alhamis, azahar

Kaltumi maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ina tankaɗe. Ta ce, “Malama, an ce ɗan Lalla shi kaɗai yana buga tubalin mutum biyu. Ƙarfi ya dawo, barka!” Na ce alhamdu lillahi. Ta ce, “Kuma an ce bakinsa ya buɗe, surutu kamar rediyo.” Na ce haka ne. Ta tsaya tana kallona, tana jiran in ƙara. Ban ƙara ba.

Mutumin da bai cin tuwo, ina ya samo ƙarfin mutum biyu?

Akwai wani sabo a gidan, Alhusaini, mutumin Barmu. Mai haƙar rijiya ne, wai nan ya koyi sha don ya jure zama cikin rami. Shiru-shiru gare shi, shi ke wanke mini kwanoni tun kafin in iso, yana ce mini Inna. Ladabinsa ya yi yawa. Tun da ya zo abin ya soma. Ko kuwa tun da ya zo ne na soma lura? Ban sani ba.

Juma’a, magariba

Sun yi zamansu. Ba a jefa wa kowa komai ba. Yunusu ya ce sun wuni kan wanda ke shanye shayi.

Asabar, bayan azahar

An samu.

Na shiga da tuwo na tarar ba mai magana. Musa ya raka ni zaure, ya buɗe tafinsa. Ɗan ƙullin leda ne, ciki rabin ƙwaya fara. Bayan randa anka tsince shi wajen shara, daidai kan tabarmar Alhusaini. Musa ya ce, “Dubi, Malama, duk gari ne jikin ledar. Shi ke kai mana hatsi injin niƙa.”

Na tambaye shi mi Alhusaini ya ce. Ya ce ya nemi a kawo Alƙur’ani ya dafa. Na ce to a kawo mana. Musa ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, “Malama, ba ko ɗaya cikinmu da bai taɓa dafa shi kan ƙarya ba. Ni sau uku, gaban uwata. Gidan ga ba a karɓar rantsuwa. Juma’a ƙwarya za ta yi magana.”

Na yi salati da jin wannan. Amma bari in faɗi gaskiya tunda takarda ce: da na fito, wani sanyi na ji a ƙirjina. Na ce ashe baƙon ne. Na ce ashe shi ke ba ɗan Lalla, in an kore shi shi ke nan. Har na sayi goro a hanya.

Lahadi, hantsi

Garin inji fari ne, busasshe, yana tashi in an hura. Wanda na gani jikin ledar ya ɗan yi duhu, ya manne.

Ba komai. Ido ne.

Lahadi, bayan la’asar

Alhusaini ya wanke kwanonin kamar kullum. Ya durƙusa ya miƙo. Ya ce, “Inna, ki sa ni a addu’a. Matata tana gidansu, ubanta ya ce in na kai damina a nan za ta koma. Wana kuwa ya rantse in anka kore ni kada in tako Barmu, ko gonar ma ya raba ni da ita.” Idonsa jawur. Hannunsa bai rawa. Na duba da kyau, bai rawa.

Na ce Allah ya bayyana gaskiya. Ya ce amin da ƙarfi har na ji tsoro.

Mai laifi ma yana cewa amin. Musa ya faɗa.

Litinin, bayan asuba

Yaya Lalla ta daina kirɓa fura a turmin tsakar gida. Ta ja ƙaramin turmi bayan ɗakinta, wai rana. Da asuba ina rana take?

Jiya kuma na gan ta ta fito ta wajen tasha, ita da ko kasuwa sai ta aika. Ta ce man zafi ta je saye wurin mai teburin magunguna, gwiwa ta dame ta. Gwiwar da ta dame ta ce ta kai ta har tasha.

Astagfirullah. Matar da ta wanke ni ranar haihuwa. Matar da ta sayar da awakinta ta biya motar da ta dawo da shi daga Abijan. Zato zunubi ne, Raƙiya, ko da ya zama gaskiya.

Litinin, magariba

Na kai wa Yaya Lalla tuwo, ban tayar mata da zancen tasha ba.

Talata, hantsi



Gwiwar Yaya Lalla ta kumbura da gaske, ta kasa tashi. Ta kira ni, ta miƙo ƙwaryar fura da faifai a rufe. Ta ce, “Raƙiya, kai wa yaran ga. Manyan dawon na kowa ne. Ƙaramin, mai alamar yatsa, nasa ne, na sa masa yaji da yawa yadda yake so. A hannunsa za ki sa, kada mayunwatan nan su rigaye shi.” Na ce, “Yaya, ni in sa a hannunsa?” Ta ce, “To ki aje gabansa ki juya kai, kamar yadda kika saba.”

Na kama hanya. Wajen tsohuwar rijiya na tsaya inuwa, na ɗaga faifan. Niyyata in gyara zaman ƙwaryar ne kawai. Allah ya sani ko gaskiya na faɗa.

Na danna ƙaramin da yatsa. Akwai abu mai tauri a tsakiya. Na ɗan buɗe gefe, na ga bakin leda. Na mayar na shafe.

Na kai manyan. Ba wanda ya ɗaga faifai, Yunusu ma har rusunawa ya yi yana cewa a gaishe da Inna Lalla uwar marayu. Ƙafafun ɗan Lalla sunka zo kusa da ƙwaryar, sunka tsaya, sunka zagaya, sunka koma. Bai tambaye ni ba. Ta yaya zai tambaye ni? Bai taɓa tambayata ko ruwa ba.

Ƙaramin yana nan ɗaure a bakin zanena. Na kwance na sa ƙarƙashin ƙwarya bayan alluna.

Talata, bayan la’asar

Ɗalibaina mata sun zo karatu, na biya musu aya ɗaya sau ba adadi har wata ta ce, “Malama, mun wuce nan.” Na sallame su.

Laraba, azahar

Na shiga ɗakin Yaya Lalla da ruwan zafi na gasa mata gwiwa. Na daɗe ina gasawa. Ita ta fara. Ta ce, “Ba ki ba shi ba.” Na ce ban ba shi ba. Ta ce, “Kin buɗe.” Na ce na buɗe, na ga ledar.

Ba ta musa ba. Da ta musa da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, “Rabi ne fa kawai. Rabi! Da can guda nawa yake watsawa? Kin gan shi makon farko, yana dukan ƙasa da kai, yana cewa Inna ƙashina na ciwo? A’a, ba ki gani ba, ke ƙafa kike kallo. Waɗancan mahaukata sun ce a yanke lokaci ɗaya. Yaye ma a hankali ake yi, ni na yaye shi, na sani.”

Na ce, “Yaya, za su kori ɗan mutane jibi.”

Ta ce, “Ɗan mutane yana da mutanensa.”

Na ce ba shi da su, na faɗa mata zancen matar da gonar. Ta juya fuska bango. Can ta ce, “Ke kika haife shi, ni na san kukansa. In kika buɗe baki, shi za su kora. Ya koma tasha, ya koma kwana bayan kantin mai taya. Ranar da anka kawo shi cikin amalanke, ki tuna ke kika tura.”

Ban daina gasa gwiwar ba sai da ruwan ya huce. Ta ce, “Yau kika san naki ne?”

Na ɗauki kwanon na fito.

Laraba, magariba

Shi ya roƙe ta, ko ita ta fara kai masa? Ban tambaya ba. Ba na son sani.

Alhamis, bayan asuba

Na yi ta neman hanya. Na ce in jefa dawon masai, in hana furar zuwa, shi ke nan abin ya tsaya ba wanda ya ji. Alhusaini fa? To wa ya ce dole tsakuwa ta fi yawa? Wataƙila su ji tausayinsa. Wataƙila ma shi ma yana sha, wa ya sani, ladabin nan nasa ya yi yawa. Na kama kaina ina nema masa laifi kamar mai neman ƙwarƙwata a kan da anka aske.

Na ce ko in kira Musa gefe. Amma Musa zai rufe? In ya rufe saboda ni, na gane gidan nasa ƙarya ne, kuma cikin ƙaryar ɗan Lalla zai ci gaba da zama. In bai rufe ba, duk ɗaya ne.

Na buɗe Alƙur’ani, na rufe. Na san abin da ke ciki game da mai ɓoye shaida, tun ina yarinya na hardace shi. Ban buɗe don in nema ba, na buɗe ko zan ga wani abu daban.

Alhamis, bayan azahar

Na kai tuwo. Ƙafar ta daina rawa, yau ja yake yi da ita. Yunusu ya ce, “Ɗan Lalla yau rediyon ba batir.” Ba wanda ya yi dariya, Musa kuwa ya daɗe yana kallonsa, sa’an nan ya kalle ni. Ya sani ne? Ko ni ce nake ganin sani a idon kowa?

Alhusaini ya naɗe tabarmarsa ya ɗaure da igiya tun yau. Ya ce don kada gobe ya ɓata wa mutane lokaci.

Ɗan Lalla yana zaune yana ganin wannan. Yana da tsakuwa da dabino shi ma, gobe zai jefa. Wanne zai jefa?

Juma’a, hantsi

Na yi wanka, na sa farin mayafin da Malam ya saya mini. Yaya Lalla ta ji motsin, ta kira sunana sau biyu. Ban amsa ba. Ban taɓa ƙin amsa mata ba tun da anka kawo ni gidan ga.

Juma’a, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Mace ba ta zama asambilensu. Na tsaya zaure har na ji Musa ya ce a kawo ƙwarya. Sai na yi sallama na shiga. Duk sunka miƙe. Musa ya ce, “Malama, lafiya? Kwanonin suna can an wanke.” Na ce ba kwano na zo ɗauka ba.

Na durƙusa bakin tabarma, na kwance bakin zane, na aje ƙaramin dawon. Ya bushe, ya tsattsage, ya soma tsami. Yunusu ya buɗe baki zai yi irin tasa, ya fasa.

Na ce, “Musa, fasa.”

Ya ce, “Abincin iyaye ne, Malama.”

Na ce, “Uwa ce ta ce ka fasa.”

Ya fasa. Ledar ta faɗo kan tabarma, da gari manne a jikinta, irin na ranar Asabar. Alhusaini ya ce la’ilaha illallahu, ya zauna daɓas a ƙasa.

Musa bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Wannan furar gidanku ce. Wa ake kawo wa?”

Na duba ƙasa. Ƙafafun suna can gefen hagu, yatsun sun tone rairayi. Na jira. Wallahi na jira, na ba shi lokacin da mutum zai karanta Fatiha ya maimaita. Na ce a raina, yi magana, ɗan Malam, ka ɗauke mini. Ƙafafun ba su motsa ba.

Musa ya sake cewa, “Malama, sai an faɗi suna. Gidan ga ba a kora da nuni.”

 Na ce, “Idrisa.”

Muryata ba ta fita ba, Musa ya ce bai ji ba. Na ce, “Na Idrisa ne. Ɗana.”

Ban san yadda sunan yake a baki ba sai yau. Gajere ne ashe.

Sai na ji ɗan nawa ya ce, “Gaskiya ne.” Ya ce shi ya yar da ledar bayan randa da ya ji tafiyar Musa. Ya ce, “Alhusaini, ka yafe mini, tsakuwa na riƙo maka.” Ya buɗe hannu, ga ta kuwa. Alhusaini bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, kuka yake yi.

Sunka ce in koma zaure, yanzu ɗan nawa za a jefa wa. Ina jin ƙarar abin da ke faɗawa cikin ƙwarya ɗaya bayan ɗaya, kunne bai iya raba dabino da tsakuwa. Da anka buɗe na ji Yunusu ya ce, “Kai!” a hankali.

Musa ya same ni. Ya ce, “Tsakuwa ta fi, Malama. Har da tawa.” Na ce na sani. Ya ce doka ba ta rufe ƙofa har abada ba: kullum da safe ya zo a laluba shi, ya bi su wurin tubali, ya koma gida ya kwana. In ruwan farko ya sauka yana tsaye, a sake jefa masa. Ya ce kuma daga yau ko kwanon wa za a buɗe, har nawa. Na ce da nawa za ku fara.

Ya ce, “Na yi zaton ke ce ba ki yarda da mu ba.” Na ce har yanzu ina dubawa. Ya yi murmushi.

Munka taho da ɗan nawa, yana gaba da tabarma a kafaɗa, ina baya. Kaltumi na bakin ƙofarta. Ta buɗe baki, na dube ta, ta rufe.

Asabar, bayan asuba

Yaya Lalla ta sa tsumma ta toshe har ƙasan ƙofarta. Na aje mata kunu, yana nan ƙuda na bi.

Jiya ya tsaya tsakar gida da tabarmarsa, ga ɗakinta, ga nawa. Ta kira shi daga ciki, “Taho, ɗana, taho wurin Innarka.” Ya daɗe tsaye. Sai ya shimfiɗa a zaure.

Da safen ga ban ji fitarsa ba. Tabarmar na nan, shi babu. Hanyar gidan Musa da hanyar tasha duk ta bakin rijiya suke rabuwa, gidan Musa dama, tasha hagu.

In anka kawo shi cikin amalanke.

Asabar, hantsi

Na ɗora tukunya. Na sauke. Na sake ɗorawa.

Asabar, bayan azahar

Na kai tuwo. Yunusu ya tare ni ƙofa, ya ce, “Malama, a gafarce mu, dokar asambile.” Ya ɗaga murfi, ya soka tsinke cikin tuwon ko’ina, kunya kamar ta kashe shi. Na ce ya soka da kyau, har miyar.

Ban tambaya ba. Shi ya ce, “Ya zo tun da duhu-duhu. Mun laluba shi har cikin kunne. Yana wurin tubali, yau na rabin mutum yake bugawa.”

Na yi hamdala, na miƙa kwanon.

Alhusaini ya kwance igiyar tabarmarsa. Ya karɓi kwanon, sai da na juya ya ce, “Inna.” Na tsaya. Bai ƙara ba. Na tafi.

Lahadi, magariba

Ɗan nawa ya dawo jikinsa na ɓari, zufa kamar an watsa masa ruwa. Bai shiga zaure ba. Bakin ƙofata ya zo ya zauna, ya haɗa kai da gwiwa. Ƙofar Yaya Lalla ta ɗan motsa, ta koma.

Na zuba tuwo. Na saba in aje in juya kai. Na riƙe kwanon har sai da ya ɗago ya karɓa daga hannuna.

Ya ce, “Malama, ƙashina na ciwo.”

Na ce, “Na ji. Ci.”

Ya yi loma uku ya tsaya, ya huta, ya ƙara biyu. Ina zaune ina kallonsa, fuskar, ba ƙafa ba. Goshin Malam ne. Akwai tabo a girarsa ta hagu, tsoho, ya riga ya yi fari. Ban san yaushe ya same shi ba, ko a nan ne, ko a Abijan, ko tun yana rarrafe a tsakar gidan ga ina tsaye ina kallon wani wuri.

Na tambaye shi. Ya shafa wurin, ya ce, “Wannan? Ai turminki ne, ina ɗan shekara biyar. Ke kika aiko da toka anka sa mini.”

Na tuna tokar. Ban san a ido ne ba.

Litinin, bayan asuba

Gabas ta yi ɗan duhu, iska ta watsar. Da saura.

Idrisa ya fita. Na bi shi da ido har rijiya. Idrisa ya yi dama.